Gargaɗi ga Iyayen Yara a Unguwar Sheshe ta Kano: Babi Biyu da Ake Tsallakewa a Aji

 Akwai babi biyu a littattafan kimiyyar 'ya'yanmu da ake tsallakewa, ko a karantar da su a karkace, kuma shirun da muke yi a kai ya fara cin rayuka. Ɗaya shi ne sauyin yanayi. Ɗayan kuwa juyin halitta, wato yadda jinsin abu mai rai yake sauyawa sannu a hankali daga zuriya zuwa zuriya. Duka biyun suna cikin manhajar da hukumar NERDC ta tsara wa makarantun ƙasar nan, kuma WAEC da NECO suna yin tambaya a kan juyin halitta a jarrabawar Bayoloji. Duk uban da ke shakkar maganata, ya karɓi littafin rubutun ɗansa na ajin ƙarshe na sakandare yau da daddare, ya nemi wurin da aka yi waɗannan darussa.

Abin da zai tarar ba ya wuce layi biyar ko shida. Malam ya zo kan shafin, ya dubi aji, ya gyara murya, ya ce, “Wannan zancen Turawa ne, ku haddace don jarrabawa kawai.” Sai ya rubuta sunan Lamarck da wuyan raƙumin dawa, ya rubuta sunan Darwin, ya ƙara da cewa wai mutum daga biri ya fito. Yara su yi dariya, wani ya nuna na kusa da shi, a kaɗa ƙararrawa. Ban ga laifin malamin sosai ba. Yana tsoron kada gobe wani uba ya zo bakin ƙofar makaranta da faɗa, ko a ambaci sunansa a wurin wa'azi, alhali albashin bai kai a sa wuya a kansa ba. Mu iyaye ne muka jefa shi cikin wannan tsoro, mu ne kuma za mu iya cire masa shi.

Mu fara da wurin da ɓarnar ta fi kusa da mu, wato kemis ɗin bakin layi. Bayan sallar magariba uwa ta aiko yarinya da kuɗi ƙulle a bakin hijabi, an ce ta sayo kafso biyu na maganin gudawa, ko rabin katin maganin zazzaɓi. Mai kemis ya sa almakashi ya yanko gwargwadon kuɗin. Yaro ya sha yau, ya sha gobe, jiki ya yi sanyi, aka ajiye ragowar a kan taga don wata rana. Bayan wata biyu ciwon ya dawo, maganin ya ƙi aiki, sai ka ji ana cewa, “Ai jikinsa ne ya saba da shi.” Wannan magana kuskure ce, kuma da an karantar da babin nan yadda ya kamata, ɗan aji uku ma zai gyara ta.

Ga abin da ke faruwa. A jikin mara lafiya ƙwayoyin cuta miliyoyi ne, kuma ba duka ne suke iri ɗaya ba. Cikinsu akan sami 'yan kaɗan da suka zo da wani ɗan bambanci a gadonsu wanda ya sa magani ba ya saurin kashe su. Idan aka sha magani a karkace, ko aka sha shi ba tare da buƙata ba, raunanan su mutu, masu taurin su tsira, fili ya zama nasu. Wata bakteriyar tana rabuwa biyu cikin minti 20, saboda haka kafin gari ya waye an yi zuriya da yawa, kowace ta gaji taurin uwarta. Daga nan su bi ta kwata, ta hannu, ta ruwan sha, su shiga gidan maƙwabci. Ƙwayar cutar ce ta sauya, kuma wannan shi ne juyin halitta, yana aukuwa a cikin hanjin 'ya'yanmu muna zaune a tsakar gida.

Wanda ya haura shekara 30 ya tuna kulorakwin da ƙaiƙayin da yake sawa. Shekara da shekaru shi ne maganin zazzaɓin cizon sauro mai arha, har ƙwayar cutar ta gagare shi, gwamnatin tarayya ta sauya shi a 2005 ta koma haɗin magungunan da ake kira ACT. Yanzu ACT ɗin ma an fara ganin alamun turjiya gare shi a Ruwanda da Yuganda da Eritiriya, alhali Nijeriya ce ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu wannan zazzaɓi a duk duniya. Wani babban bincike da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 ne suka mutu saboda bakteriyar da ta daina jin magani, kuma yankin da mutuwar ta fi yawa idan aka kwatanta da adadin jama'a shi ne namu, Afirka ta Yamma. Sauro ma ya bi sahu. Maganin da ake jiƙa gidan sauro da shi ba ya kashe shi kamar dā a wurare da yawa, shi ya sa aka koma yin sababbin gidajen sauro masu haɗin magani biyu. Mu kuwa muna ta ƙara fiya-fiya a ɗaki, muna shaƙa da jarirai, muna zagin masu kamfani wai sun rage ƙarfin kaya.

Sai sikila, wadda babu zuriyar da ba ta taɓa ba a cikin birni. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na 'yan Nijeriya suna ɗauke da AS, kuma akan ƙiyasta jarirai 150,000 da ake haifa da cutar duk shekara a ƙasar nan. Me ya sa ta yi mana yawa haka, ta yi ƙaranci a ƙasashen sanyi? Wani likita mai suna Anthony Allison ya nuna a 1954, a Gabashin Afirka, cewa mai AS yana da kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. A ƙasar da sauro ya yi dubban shekaru yana kashe yara, masu AS sun fi rayuwa har su haihu, sai gadon ya yaɗu. Yarinyar da ta fahimci wannan ta fahimci dalilin dokar gwajin jini kafin aure da gwamnatin Kano ta sa wa hannu a 2024. Ta kuma san cewa idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu, ko na fari ne ko na auta. Har yau akwai masu lissafin cewa ɗa na huɗu ne kawai zai zo da ita, su yi aure a kan wannan lissafi, su ƙare a layin asibitin yara na Hasiya Bayero suna neman jinin ƙari.

Na san inda gizo ke saƙar, kuma ba zan kewaye shi ba. Batun asalin ɗan Adam ne. Da farko dai, cewa mutum ya fito daga birin da muke gani a gidan zu ba ita ce maganar masana ba. Malamin da ya rubuta haka a allo ya yi wa ilmin ƙarya. Abin da suke cewa shi ne, ƙasusuwan da aka tono da kuma kamannin ƙwayoyin gado suna nuna musu cewa jinsunan halittu suna da tushe ɗaya mai nisa, kuma sun sa jikin ɗan Adam cikin wannan lissafi. A nan ne malaman addininmu suke da magana, domin mun yi imani da halittar Annabi Adamu, Alaihis Salam, kuma malaman Musulunci a ƙasashe da dama sun yi rubuce-rubuce a kan inda za a tsaya. Wannan muhawara ce ta masu ilmi, kuma wurinta yana nan a darasin tauhidi. Amma yaya za a yi malamin Islamiyya ya amsa wa ɗalibi maganar da shi ɗalibin bai taɓa jin ta daidai ba? Yaron da aka ɓoye wa ita zai gamu da ita a jami'a, ko a wayarsa cikin dare, daga bakin wanda ba ya ƙaunar addininsa. Ranar da ya gano an yi masa ƙarya a aji, zai fara tambayar me kuma aka ɓoye masa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Birnin nan kuwa bai saba gudun ilmi ba. Kakanninmu sun karanta manɗiƙi da hisabi da falaki a zaure. Muhammadu al-Kashinawi, Bakatsinen da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi suna a lissafi har Masar. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta littattafai a kan magani. Tun a ƙarni na 9 al-Jahiz na Basra ya cika littafinsa na dabbobi da lura kan yadda halittu ke cin juna da yadda muhalli ke yi musu tasiri. Ba Darwin ba ne shi, kada a ɗora masa abin da bai faɗa ba, amma bai ɗauki kallon halitta da tambaya a matsayin saɓo ba. Makiyayin da ke zaɓen ragon balami don barbara, da manomin da ke ware zangarniyar gero mafi kyau don iri, su ma aikin zaɓe suke yi a kan gado, kuma da irin aikinsu Darwin ya buɗe littafinsa na 1859.

Abin takaici, shaidar tana ƙarƙashin ƙafarmu, yaranmu ba su ji labarinta ba. Dutsen da ake ƙonawa a yi siminti a Kalambaina ta Sakkwato cike yake da ragowar halittun teku, domin teku ta taɓa rufe wurin. Akwai wani ƙaton dabban ruwa da ya ƙare shekaru miliyoyi da suka wuce wanda masana suka raɗa wa suna Goronyosaurus, don tunawa da Goronyo. A Gadoufaoua cikin hamadar Nijar an tono ƙasusuwan manyan dabbobin dā da na kada mai tsawon fiye da ƙafa 30, kuma wanda ya je gidan tarihi na Yamai zai ga irinsu a tsaye. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna ta jihar Yobe ta yanzu ya ci karo da kwalekwale mai shekara kusan 8,000, a ƙasar da yau ake kukan ruwa. Ɗan Sheshe ya san sunayen 'yan ƙwallon Sifaniya kaf, bai san wannan ba.

Kwalekwalen Dufuna shi ne hujjar masu cewa ai yanayi ya saba sauyawa, don haka babu wani sabon abu. Gaskiya ne ya saba. Sahara ta taɓa yin kore, har mutanenta suka sassaƙa raƙuman dawa a duwatsun Azbin. Kakanninmu sun ga yunwar Kakalaba ta 1914, iyayenmu sun ga farin 1973 da na 1984. Abin da ya bambanta yanzu shi ne sauri da kuma sanadi. Rana tana ɗumama ƙasa, ƙasa tana mayar da zafin sama, iskar kabon da ke sararin samaniya kuma tana tare wani ɓangare nasa kamar bargo. Da babu bargon da duniya ta daskare, amma ƙona kwal da fetur da gas da dazuzzuka ya ƙara masa kauri. Kafin zamanin masana'antu iskar kabon tana kusan kashi 280 cikin miliyan na iskar da muke shaƙa, yau ta haura 420. Wannan ba sabon zance ba ne. Svante Arrhenius na Suwidin ya yi lissafinsa tun 1896, kuma tun 1958 ake auna iskar a kan dutsen Mauna Loa. Hukumar yanayi ta duniya ta tabbatar da cewa 2024 ta fi duk shekarun da aka taɓa aunawa zafi, da kusan digiri 1.5 sama da na kafin zamanin masana'antu.

Wannan bayani ba ya cin fiye da darasi ɗaya, amma ku tambayi yaranku ku ji. Da yawa za su ce wai rufin ozon ne ya huje rana take zubowa ta ramin. Matsalar ozon daban take, sanadinta wasu sinadaran firji da na gwangwanin feshi, kuma albarkacin yarjejeniyar Montreal ta 1987 tana warkewa sannu a hankali. Haɗa su wuri ɗaya yana nuna cewa shi kansa malamin ba a karantar da shi ba.

Digiri ɗaya da rabi kamar ba komai ba, sai an zo kan ruwa. Duk ƙarin digiri ɗaya yana ba iska damar ɗaukar ƙarin tururin ruwa kusan kashi 7 cikin ɗari. Wani bincike da aka buga a mujallar Nature a 2017 ya gano cewa manyan hadarurruka masu zubar da ruwa kamar da bakin ƙwarya sun ninka sau uku a yankin Sahel tun daga 1982. Ruwan da ya kamata ya rabu cikin mako uku sai ya sauko a dare ɗaya, bayansa kuma a yi kwanaki shuka tana yaushi. Mun ga ambaliyar 2022 da ta kashe fiye da mutum 600 a ƙasar nan, ta cinye garuruwa a Jigawa, ta shiga Kantin Kwari ta lalata atamfa da shadda. Mun ga Maiduguri a Satumbar 2024 da madatsar Alau ta ɓalle, mun ga Mokwa a Mayun 2025.

Amma malamin kirki ba zai bar yaro ya ɗora komai a kan hayaƙin Amurka da Sin ba, duk da cewa Afirka gaba ɗaya ba ta fitar da ko kashi 4 cikin ɗari na wannan iska. A cikin ganuwa laifinmu ma yana da yawa. Kududdufan birni, waɗanda aka haƙa ana ɗiban ƙasar tubali, su ne suke shanye ruwan sama kafin ya gangara kogin Jakara. Mun cike su da shara, mun yanka filoti, mun ɗora bene. Muka shafe tsakar gida da siminti, muka toshe kwata da ledar fiya wata. To ku dubi lungunmu a daren Agusta. Ruwa ya taso ta kwata ya shiga zaure, maigida yana kwarfa da bokiti, uwargida ta ɗora yara da buhun masara a kan gado, katangar ƙasa ta sha ruwa har gindi tana zubar da yaɓe kaɗan-kaɗan, kowa yana kasa kunne ko za ta kai safe. Da gari ya waye ruwan ya haɗu da na masai ya sauka cikin rijiya, bayan kwana kaɗan a fara amai da gudawa, a koma wurin mai kemis da almakashinsa. A nan babin biyu suka haɗu.

Zafi kuwa kisan mummuƙe yake yi. A farkon Afrilun 2024, ana cikin azumi, garin Kayes na Mali ya kai digiri 48.5, kuma masanan da suka bi diddigin lamarin sun ce irin wannan zafi ba zai yiwu ba in da ba don ɗumamar da ɗan Adam ya jawo ba. Ajin da aka cusa yara sama da ƙima a ƙarƙashin kwano, babu silin, babu bishiya a fili, shi ne wurin da ya fi dacewa a koya musu alamomin bugun zafi da abin da za su yi wa kakarsu idan ta fara ruɗewa da rana tsaka.

Masu cewa ruwa da fari da cuta duk hukuncin Allah ne sun faɗi gaskiya, babu Musulmin da ke musun haka. Sai dai Ubangijin da ya hukunta shi ne ya sanya sababi, kuma Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya ji labarin annoba. Malaman Musulunci daga ƙasashe da dama sun taru a Istanbul a 2015 sun fitar da sanarwa a kan sauyin yanayi. Mu kuma tuna wanda ya taɓa mayar da ƙin waɗannan darussa aƙida a ƙasar nan. A hirar da BBC ta watsa a 2009, Muhammad Yusuf na Maiduguri ya ƙaryata cewa ruwan sama daga tururi yake, ya ƙaryata cewa duniya ƙwallo ce, ya haɗa da ra'ayin Darwin, ya ce duk sun saɓa wa addini. Samarin da suka bi shi babu wanda ya taɓa zaunar da yawancinsu ya nuna musu tururi a murfin tukunya. Kowa ya san abin da ya biyo baya, har Kano ta ɗanɗana a Janairun 2012.

Ilmin nan kuma yana biya. A yankin Maraɗi, tun daga shekarun 1980, manoma suka koyi barin kututturen gawo da sauran itatuwa su tofo a gona, suna rage rassa maimakon tumɓukewa. Sassaben zamani suke ce masa. An ƙiyasta cewa ya dawo da itatuwa miliyan 200 a hekta miliyan 5 na ƙasar Nijar. Hausawa ne 'yan'uwanmu, tafiyar yini ɗaya daga nan, kuma da wuya ka sami labarinsu a ajin ɗanka.

Ba alfarma muke roƙo ba. Dokar sauyin yanayi da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Nuwamban 2021 ta tanadi a shigar da batun cikin karatu a makarantu. Gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilmi a 2024, kuma gyaran aji da ɗinkin yunifom ba za su wadatar ba idan ana tsallake abin da ke cikin littafi. Jihar da ta kafa makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu a 1977, waɗanda suka ba Arewa likitoci da injiniyoyi, tana da Cibiyar Noman Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa a Jami'ar Bayero, tana da likitocin asibitin Malam Aminu Kano. Ma'aikatar ilmi da hukumar ilmin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB, su ɗauko waɗannan masana su sake horar da malaman kimiyya a lokacin hutu, da Hausa in ta kama, domin yaron da bai gane Turanci ba haddar aku kawai yake yi.

Ranka ya daɗe mai unguwa, a kira taron iyaye da malamai kafin zangon nan ya yi nisa, a gayyato liman ya zauna a gaba. A faɗa wa shugabannin makarantu, na gwamnati da na kuɗi, a bainar jama'a cewa unguwa tana bayan duk malamin da ya karantar da babin nan biyu cikakku, kuma wanda yake da ƙorafi ya kawo shi wurin taro, kada ya tare malami a hanya. Malaman Islamiyya, Allah ya ƙara muku sani, ku karanta abin da ke cikin littafin Bayolojin kafin ku yi hukunci a kansa, sannan ku buɗe wa ɗalibai ƙofar tambaya. Hajiya, idan likita ya rubuta wa yaro magani na kwana biyar, a cika biyar ɗin, kuma kada a ba ƙaninsa ragowa. Samarin majalisa kuma su fito da cebur da baro a yashe kwatar kowane lungu tun watan Mayu, kafin ruwan farko ya sauka.